Wa ke biyan bashin fari?

Ƴan uwa ɗalibai, wannan karon ba batun bursi na kawo muku ba, ba kuma na yajin aiki ba. Batun fenti ne. Ku ɗan yi haƙuri da ni.

A hutun da ya wuce na bar Yamai na tafi gida Maraɗi, na iske yayana cikin wani aiki da ya hana shi barci. Sana'arsa rubuta allunan shaguna: mai aski, mai gyaran salula, mai gasa kaji, duk wanda ke son sunansa ya fito a bakin titi wurinsa yake zuwa. Amma tun muna yara abin da ransa ke so shi ne zanen hoto da fentin mai, irin wanda ake yi a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗaure jikin katako. Wani tsohon malamin zane da ya koyar da shi a kolej, da idonsa ya raunana, ya kira shi ya ba shi akwatin kayan aikinsa gaba ɗaya. Da wannan akwati Yaya ya ƙudura zana mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sanye da farar rigar da yake zuwa sallar Juma'a da ita. Hoton da ya rage mana na katin shaida ne, ɗan mitsitsi, duk ya koɗe. Na san akwai masu cewa zanen mutum bai halatta ba. A gidanmu ma an yi wannan muhawara, amma ba ita ta kawo ni ba.

Cikin akwatin akwai fenti a tib-tib, irin na man goge baki. Uku daga cikinsu farare ne. Na ce, «Yaya, me ya sa tsohon nan ya tara fari har uku? Fari ai fari ne.»

Bai tanka ba. Ya jawo wani guntun gilashi, ya matsa kowanne kaɗan, ya ce, «To malam ɗan jami'a, duba.»

Na farko, wanda aka rubuta wa blanc d'argent, tib ɗin kansa ya fi sauran nauyi a hannu, ka ce dutse ne ciki. Launinsa kamar kindirmo, akwai ɗumi a cikinsa, kuma in an ja shi da buroshi sai ya biyo yana zare. Na biyu, blanc de zinc, sanyi gare shi, yana ɗan karkata wajen shuɗi, kuma da Yaya ya shafa shi a kan baƙin layi sai layin ya ci gaba da leƙowa daga ƙasa, kamar fata a ƙarƙashin mayafi shara-shara. Na uku, blanc de titane, shafa ɗaya ya yi, layin ya ɓace. Sai ya ɗiga ja a kowanne ya gauraya. Na farko ya ba da launin tafin hannun jariri. Na biyu ya bar jan da ransa, ya dai sauƙaƙa shi. Na ukun ya cinye shi, ya mai da shi wani abu mai kama da garin alli.

Na ji kunya kaɗan, don a fannin da nake karatu bai kamata in faɗi abin da na faɗa ba. A shekarar farko aka koya mana binciken Berlin da Kay na 1969, masu cewa duk harshen da suka duba yana da aƙalla kalmar fari da ta baƙi, in kuma akwai ta uku to ja ce. Hausa ta zauna daram a wannan tsari. Fari, baƙi da ja su ne tsofaffin gida, da yawan sauran kuwa aro muke yi daga abubuwa: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Amma Bahaushe bai taɓa yarda cewa fari guda ne ba. Yana da fari fat, fari tas, fari sol, fari ƙal. Kuma bai yarda cewa duk fari alheri ne ba. Mun san farin ciki da farin jini, amma mun san matar da ake wa sharrin farar ƙafa, mun san ƴan sandan farin kaya, mun san mai kallon kitse ga rogo. A takarda ma haruffa huɗun nan su ne na farin da ke kashe gero a gona, su ne na ɗan fari, su ne na farin da budurwa ke yi da ido. Abokaina na Tawa su ce hwari, su raba mu da rigimar harafi ɗaya, sauran rigimar tana nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin da ya sa abu yake zama fari. Ƙwayoyin waɗannan fenti, in ka duba guda ɗaya tilo, ba su da launi, kamar ƙwayar gishiri suke ko ɓarɓashin gilashi. Farin yana fitowa ne daga yadda suke karya haske su warwatsa shi, kuma ƙarfin wannan karyawa ya dogara ga bambancin da ke tsakanin ƙwayar da abin da take kwance a ciki. Kowa ya ga farar riga da ruwan sama ya jiƙa: nan take ta koma nuna jiki. Masana suna da ma'auni na wannan. Man da ake kwaɓa fenti da shi yana wajen 1,5. Alli ma kusan nan yake, shi ya sa allin da ke haske a jikin tabulo, ko farar ƙasar da iyayenmu mata ke shafe ɗaki da ita, in ka kwaɓa su da mai sai su mutu, su zama toka-toka. Farin dalma da na zinki suna wajen 2, na titan kuwa ya kai 2,7. Wanda ya karanta Saussure zai ji kamar ya san wannan magana: darajar kalma daga maƙwabtanta take zuwa. Ashe fari ma haka.

To, blanc d'argent. Sunan yana cewa azurfa, amma babu ko ƙwayar azurfa a ciki. Dalma ce. Sama da shekara 2,000 ana yin wannan fari, tun Girkawa da Rumawa sun rubuta yadda ake haɗa shi, kuma hanyar ba ta canza sosai ba har ƙarni na 19. A naɗe fallen dalma a sa cikin tukwanen ƙasa masu ɗan ruwan binegar a gindi, a jera tukwanen, a binne su cikin kashin doki, a rufe ɗakin wajen wata uku. Tururin tsami da zafin taki su ci ƙarfen, ya fito da farin ɓawo. A kankare, a wanke, a niƙa. Wallahi abin yana burge ni: fari mafi daraja a tarihin zane daga cikin juji yake fitowa.

Kuma daraja gare shi ta gaske. Da shi Rembrandt da Vermeer suka yi aiki a Holan a ƙarni na 17, hotunansu suna nan har yau. Yana bushewa da wuri, yana haɗuwa da mai ya zama fata mai ƙarfi wadda ke lanƙwasa ba ta karye ba. Saboda dalma tana tare hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, in aka haska tsohon zane da wannan na'ura sai a ga duk inda mai zanen ya bi da farinsa, har wuraren da ya canza shawara. Yana da wata ɗabi'a kuma: in ya tsufa sai ya riƙa zama shara-shara, abin da aka rufe da shi shekara ɗari uku da suka wuce ya fara bayyana, hannun da aka gyara, hular da aka goge. Yaya yana faɗin waɗannan abubuwa idonsa na ƙyalli. Tib ɗaya tak yake da shi, tsoho, rabi ya ƙare, kuma ya san ba zai samu wani a kasuwar Maraɗi ba. A Turai ma yanzu sayar da shi yana da sharuɗɗa masu tsauri.

Amma wa ke shiga ɗakin nan ya kwashe tukwanen? A masana'antun Ingila na ƙarni na 19, irin na birnin Newcastle, da yawansu mata ne matalauta. Ƙurar tana shiga baki da hanci. Sai murɗar ciki, sai baƙin layi a dasashi, sai wuyan hannu ya saki ya kasa ɗagawa, sai ɓari, wani lokaci makanta da mutuwa. A Faransa har suna aka ba ciwon: murɗar cikin masu fenti. An daɗe ana sane. Sai a 1909 Faransa ta yi dokar hana shafe gine-gine da shi, kuma a 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniya a Janeba kan hana amfani da shi cikin ɗakuna. Wani abin lura: yarjejeniyar ta ware masu zanen hoto, ta ce hanin bai shafe su ba. Amurka kuwa sai 1978 ta hana shi a fentin gida.

Mu nan ba sai an kai mu Ingila ba. Zamfara ga ta nan kudu da mu. A 2010 likitocin Médecins Sans Frontières suka lura yara suna mutuwa a ƙauyukan da ake haƙar zinari. Dutsen da ake kawowa gida ana dakawa a tsakar gida cike yake da dalma. Sama da yara 400 suka rasu, waɗanda suka rayu kuma da yawa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

Yaya yana da ɗiya ƴar shekara biyu. Ɗakin da yake zane shi ne ɗakin da suke kwana. Inda yake wanke buroshi da kananzir, nan matarsa ke wanke kwanoni. Yarinyar kuwa, kamar kowane yaro, duk abin da hannunta ya taɓa baki yake zuwa.

Na faɗa masa haka a daren, bayan mun ci tuwo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, «Ka gama? To ji. Dalmar da ke cikin tib a ɗaure take da mai, ba ƙura ba ce. Ba ta shiga ta fata kamar yadda kake tsammani. In ban ci ba, ban goge busasshen da sanfefa ba, ina hatsarin? Kuma kwallin dutse da Inna ta sa maka a ido kana jariri, ka san mene ne? Dalma ce. Masu fasa tsohon batirin mota a bayan layinmu fa? Duk ba ka gansu ba, sai ɗan tib ɗina?»

Gaskiyarsa ce a kusan duk abin da ya faɗa. Kwallin dutse na gargajiya ma'adinin dalma ne, kuma fenti mai danshi bai kai ƙura hatsari ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, kasancewar rijiya uku a unguwa ba dalili ba ne na haƙa ta huɗu a tsakar ɗaki. Ya yi dariya, ya ce, «To ba ni wanda zan yi aiki da shi, mai hannu mai tsabta.»

Da sauri na nuna masa na zinki, don labarinsa labari ne mai daɗin faɗi. Tun wajen 1780 masana a birnin Dijon na Faransa suka kawo shawarar a maye gurbin dalma da shi. Wanda ya sa abin ya tabbata wani ɗan kwangilar fenti ne a Paris, Leclaire, da ya gaji da ganin ma'aikatansa suna kwanciya ciwo. Ya shafe shekaru yana neman yadda zinki zai bushe cikin mai, har ya fara yin sa da yawa wajen 1845. Fari ne da aka haifa don tausayi. Ba ya guba irin ta dalma, ba ya baƙi in hayaƙi mai farar wuta ya taɓa shi, kuma yana barin launuka da haskensu.

Yaya ya tashi ya zaro wani ƙaramin zane daga ƙasan akwatin, aikin tsohon malamin ne na shekaru masu yawa, hoton tantabaru a kan katanga. Ya ɗan lanƙwasa ƙyallen. Fuka-fukan suka yi ƙas-ƙas, wani ɓawo ya faɗo a tabarma. Ya ce tsohon ya gaya masa da zinki ya yi su.

Daga baya na bincika, na tarar abin sananne ne. Farin zinki cikin mai, bayan ƴan shekaru, yana yin gautsi kamar ɓawon ƙwai. Wasu masu bincike na cibiyar Smithsonian a Amurka sun ajiye samfurin fenti kusan shekara talatin suna gwada su, suka tabbatar da haka. Bugu da ƙari yana haɗuwa da man ya haifar da wani abu mai kama da sabulu a tsakanin shafi da shafi, sai na sama ya saki na ƙasa ya ɓamɓare. Gidajen adana kayan tarihi suna fama da zane-zanen ƙarni na 19 da na 20 da ke zubewa saboda shi, kuma wasu kamfanoni sun fara cire shi daga fentinsu. Mai zanen da ya zaɓi zinki ya kwana lafiya, ya mutu lafiya. Wanda ya gaji hoton shi zai tashi wata rana ya ga fuskar kakansa tana zuba.

A nan na fara gane cewa tambayar da na zo da ita, wane fari ya fi, ba ta cika ba. Ya fi ga wa? Kuma yaushe?

Saura titan, autansu. An fara yin sa a masana'anta wajen 1916 a Norway da Amurka, ya bazu bayan 1920. Yau shi ne farin duniya: bangon ajinmu, takardar da kuke riƙe da ita mai yiwuwa, man goge baki, ƙwayar magani, robar bokiti. Ba shi da gubar dalma, ba shi da gautsin zinki, yana da arha, kuma babu abin da ya kai shi rufewa. Tarayyar Turai dai ta hana sa shi cikin abinci a 2022, amma wannan batun ci ne, ba na zane ba. Daga baƙin yashi ake samo shi, ana haƙarsa a ƙasashe irin su Saliyo, Senegal da Mozambik, kuma inda aka kwashe yashi an san akwai wanda ke noma ko kiwo a wurin kafin injin ya zo.

Akwai labarin da ke ba ni dariya game da shi. Wani Bajamushe, Wolfgang Beltracchi, ya yi shekaru yana zana hotuna yana sayarwa da sunan manyan masu zane da suka mutu, masana suna sa hannu. Abin da ya kama shi wani hoton dawakai ne da aka ce Campendonk ya yi a 1914. Da aka gwada fentin sai aka sami titan a ciki, alhali a 1914 babu shi a kasuwa. Shi da bakinsa ya ce tib ɗin da ya saya zinki aka rubuta a jiki, ba a faɗi cewa an gauraya da titan ba. A 2011 aka yanke masa shekara shida. Maƙaryaci ya yarda da rubutun jikin kwali, ƙarya ta ci ƙarya. Tun daga nan Yaya ya koyi juya tib ya karanta ƙananan lambobin baya: PW1 dalma, PW4 zinki, PW6 titan. Da yawan abin da ake sayarwa da sunan titan, in ka duba, PW6 ne da PW4 a haɗe.

Da titan ɗin Yaya ya fara yin rigar Baba, kafin in zo, don yana tattalin ɗan abin da ya rage na dalma. Ranar da ya kira Inna ta gani ina wurin. Ta tsaya ta daɗe. Ta ce fuskar ta yi kama. Sannan ta ce, «Amma wannan ba rigarsa ba ce. Wannan likkafani ne. Malam bai taɓa sa tufa mai fari haka ba.» Ta ce rigar tana da ɗigon goro a ƙirji wanda ta yi shekara tana wankewa bai fita ba, wuyan kuma ya ɗan ci ƙasa, kuma bulan da take sa wa ruwan ɗauraya yakan bar shuɗi-shuɗi a cikin ninki. Ta juya ta fita.

Wannan magana ta zauna mani a rai fiye da duk tarihin da na karanta. Mahaifinmu mutum ne mai kirki, mai zafin rai kuma. Ya yi mana abin da ba za mu iya biya ba, ya kuma yi kurakurai da Inna ta sani, mu ma mun san wasu. Tun da ya rasu, in muna maganarsa sai mu shafa masa titan. Rufin asirin mamaci abu ne mai kyau, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban ce a daina ba. Amma akwai iyakar da in an wuce ta, ba asiri aka rufe ba, mutumin aka rufe. Wanda muke yabo sai ya zama wani da ba mu taɓa zama da shi ba. Shi kuma ba ya nan balle ya ce, a'a, ku bar mani ɗigon gorona.

Ba ya nan. Wannan ce kalmar da na daɗe ina nema. Waɗanda suka yi makarantar Islamiyya za su tuna yadda malaman nahawun Larabci suka kasa mutane uku: mutakallim, mai magana, da mukhaɗab, wanda ake wa magana, da ga'ib, wanda ba ya nan. Benveniste, masanin harshe Bafaranshe, ya tafi nesa da haka, ya ce na ukun ba mutum ba ne ma a cikin zance, don «ni» da «kai» suna iya musayar wuri, shi kuwa «shi» sai dai a yi magana a kansa. A daren nan ni da Yaya muna ta ni da kai, muna jayayya a kan fari. Amma duk waɗanda za su biya kuɗin zaɓinmu ga'ibai ne. Matar Newcastle ta mutu tun kafin a haifi kakanmu. Yarinyar da ke barci a bayanmu ba ta iya magana ba tukuna. Jikan da zai gaji hoton ba a haife shi ba. Manomin da aka kwashe yashin gonarsa ba mu san sunansa ba. Baba yana kabari. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin fenti, da sha'anoni da yawa da suka fi fenti girma, tsuntsun yana cikin inuwa, wani ne a waje.

Shi ya sa na daina yarda da kaina in na ji ina cewa abu kaza mai tsabta ne don bai cuci kowa ba. Sau da yawa ma'anar ita ce bai cuci kowa a gabana ba. Mu da muka fito daga ƙasar da aka riƙa haƙar yuraniyom a Arlit don a kunna fitila a wata nahiya, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne ni ma ina iya zama mai kunna fitilar.

Kada dai in yi wayo in ce tunda kowane fari yana da bashi, to duk ɗaya ne, kowa ya zaɓi wanda ya ga dama. Wannan hanyar gudu ce, kuma mu ɗalibai mun ƙware a kanta: in muhawara ta yi zafi sai mu ce ai komai ya danganta. Ga'iban nan ba nauyinsu ɗaya ba. Hoto in ya tsage an yi asara, ana iya gyara shi, ana iya zana wani, ana iya haƙura. Ƙwaƙwalwar yaro in dalma ta taɓa ta babu mai gyara. Ko da hatsarin ƙarami ne, kuma na yarda ƙarami ne in an kiyaye, wanda zai ɗauke shi ba shi ne ya zaɓa ba, kuma kiyayewar da ake magana a ɗaki ɗaya mai tabarma ɗaya da buta ɗaya magana ce ta baki. Don haka ra'ayina bai canza ba: kada a buɗe tib ɗin nan a gidan.

Sai dai akwai abin da dole in amsa. Wannan hukunci ni bai ci mani komai ba. Ba ni ne na yi shekara goma sha biyar ina rubuta «Ana gyaran salula» alhali raina yana wani wuri ba. Ba ni ne aka ba, sau ɗaya a rayuwa, irin farin da manyan masu zane suka taɓa, aka ce kuma kada ka taɓa ba. Yaya ya faɗa mani haka a fuska: «Kai da alƙalami kake aiki, ƙane. Alƙalami ba ya kashe kowa, shi ya sa wa'azi yake maka sauƙi.» Na so in ce masa alƙalami ma yana da ga'ibansa, waɗanda muke rubutu a kansu ba su karanta ba, har shi kansa da nake rubuta wannan ban nemi izininsa ba sai daga baya. Amma na yi shiru, don a lokacin ba amsa yake nema ba.

Kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana ba. A rana ta uku na iske ya kankare rigar da wuƙa. Ya sake ta da titan ɗin dai, amma wannan karon ya karya shi: ɗan ruwan ƙasa a wuya da kafaɗa, shuɗi kaɗan a cikin ninki, kuma ya bar ƙyallen yana numfashi a wasu wurare maimakon ya toshe ko'ina. Farin tsantsa wuri biyu ko uku kawai ya ɗiga shi, inda rana ke dukan kafaɗa, kuma abin mamaki rigar ta fi ta farko haske. Zinkin bai sa shi a ƙasa ba ko kaɗan. Ya ce man lin da aka kwaɓa fentin da shi yakan koma ruwan ɗorawa in hoto ya daɗe cikin duhu, ya kuma washe in ya ga haske, don haka ya roƙi Inna kada ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Ɗigon goron yana nan a ƙirji, gefen hagu. Inna ce ta nuna masa wurin da yatsa.

Shi da kansa ya ce da dalma ya yi, da fatar fuskar ta fi haka rai. Na duba, ban iya ganin abin da yake gani ba, amma na yarda da shi.

Tib ɗin bai jefar ba, ban kuma ce ya jefar ba, don jefa dalma a bola wani ga'ibin za ta samu. Ya naɗe shi cikin leda, ya sa a gwangwanin madara, ya kai shago ya ɗora can saman kanta inda sai da tsani. Ya ce ranar da Allah ya hore masa ɗakin aiki mai ƙofa da makulli, da famfonsa daban, zai buɗe shi. Na tambaye shi wa zai zana a ranar. Ya ce bai sani ba tukuna, wataƙila Inna, in ta yarda ta zauna.